Birkin Diram da Birkin Faifai: Wanne Ya Fi Cutarwa Idan Ya Kwana Ya Kame?

Akwai larurar mota da ba ta yarda ta isa gareji. Mutum ya fito da sassafe, ya tayar da inji, ya sauke birkin hannu, ya sa giya, mota ta ƙi gusawa. Ya ƙara totur, sai ya ji "ƙas" daga baya, ta saki. Wani kuma ba ya jin ƙarar komai, nauyi kawai motar take yi, ko ta riƙa karkata gefe ɗaya a kilomitar farko. Kafin ya sauke yara a makaranta ya biya wurin makaniki, komai ya koma daidai. A ɗaga mota, a juya taya, tana juyawa sumul. Makaniki ya goge hannu ya ce, "Alhaji, ai lafiyarta ƙalau." Idan kuma aka yi rashin sa'a, ya ce a sayo sabuwar masta, a biya kuɗi, washegari da asuba a tarar da matsalar tana nan inda aka bar ta.

Sanyin da ke kawo wannan a wajenmu ba irin na Turai ko Kanada ba ne, inda ruwa yake daskarewa cikin wayar birkin hannu ya hana ta motsi. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, hunturu komai tsananinsa ba ya daskarar da ruwa a ƙarƙashin mota. Namu sanyin shi ne na ƙarfen da ya kwana bai yi aiki ba, raɓa ta sauka a kansa, ko ruwan damina ya jiƙa shi, ko mai wankin mota ya fesa masa ruwa da yamma aka ajiye shi a haka. Amma hunturun Turawa yana iso mu ta wata hanyar. A can ana zuba gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara, gishirin ya ci ƙarƙashin mota shekara da shekaru, sannan a loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Fentin sama yana sheƙi, kujeru tsaf, amma tsatsar da ke jikin birki da ita ta zo.

Yawancin motocin da ke kan titunanmu suna ɗauke da birki iri biyu a jiki ɗaya: faifai a gaba, diram a baya. Haka Golf 3 ta gama-gari take, haka Corolla da yawa, haka Hilux. Keke Napep na gargajiya diram ne a duk ƙafafunsa. Diram da faifai dukansu tsofaffi ne, kuma sa'annin juna: a 1902 Louis Renault ya fito da birkin diram a Faransa, a shekarar kuma Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila. Diram ne ya riƙe kasuwa rabin ƙarni, sai da Jaguar ta ci tseren Le Mans da birkin faifai a 1953, Citroën DS ta fito da shi a 1955, sannan masu ƙera mota suka juya. Ba su bar diram gaba ɗaya ba saboda yana da arha, yana daɗewa a ƙafar baya inda aiki bai da yawa, kuma haɗa shi da birkin hannu ba wuya. To tunda mota ɗaya tana da biyun, duk wanda birkinsa ya kame da safe yana da waɗanda ake tuhuma guda biyu, kuma halinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Kowa ya san yadda birki yake kamawa: a taka feda, masta ta tura mai cikin bututu, man ya tura fistin. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda yake saki, alhali nan ne matsalarmu take. Diram tukunya ce a kife a kan ƙafar mota, a cikinta akwai shu guda biyu masu lanƙwasa da ake turawa waje su goga bangonta. Da an ɗaga ƙafa, sifirin masu ƙarfi ne suke fizgo shu su dawo. Duk wanda ya taɓa cire waɗannan sifirin da filaya ya san ba wasa ba ne. Saboda haka kafin diram ya ƙi saki, sai an sami abin da ya fi ƙarfin sifirin ɗin, ko kuma su kansu sun gaji.

Faifai kuwa ba shi da sifirin da ke janye fistin. Cikin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da bakin faifan, akwai wani zoben roba mai kusurwa huɗu, zaune a cikin tsagi, ya rungume fistin. Idan fistin ya fita, robar tana ɗan lanƙwashewa ta bi shi. Idan aka saki feda, ta miƙe ta dawo da shi baya, tazarar da ba ta kai rabin milimita ba. Shi ke nan. Birkin da ke tsayar da mota mai nauyin fiye da tan ɗaya, sakinsa ya dogara ne a kan miƙewar wannan 'yar roba. Ƙaramar tsatsa a jikin fistin, ko busasshen giris a sandunan da kalifa ke zamewa a kai, ya isa ya fi ƙarfinta.

Bambanci na biyu ya fi wannan muhimmanci ga mai bincike, kuma da yawa daga makanikai sun san shi a hannu ko da ba su taɓa faɗarsa da baki ba. Zafi yana buɗa ƙarfe. Ƙarfen zubi da ake yin diram da faifai da shi yana ƙaruwa da kusan kashi 11 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyas. Adadin ƙarami ne, amma a ɗauki diram mai faɗin milimita 200, zafinsa ya hau da digiri 200, faɗinsa zai ƙaru da kusan rabin milimita. Tazarar da ake bari tsakanin shu da diram ba ta fi haka da wani abin kirki ba. Wato diram idan ya yi zafi yana nisantar shu, idan ya huce yana tsukewa ya matso su. Faifai akasin haka yake: zafi yana ƙara masa kauri ya matso fad ɗin da ke damƙe shi, man da ke bayan fistin shi ma ya kumbura. Don haka diram mai riƙewa yakan yi sauƙi idan mota ta ɗumama, faifai mai riƙewa yakan ƙara tsananta.

Daga nan ne ake gane wani kuskure da ake yawan yi a gareji. Direba ya shigo daga doguwar tafiya yana ƙorafin feda ta yi nisa, yaron gareji ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure shu har su taɓa diram ɗin da ke da zafi, ya sassauta kaɗan, ya ce an gama. Da dare diram ya huce ya tsuke a kansu. Da safe mota ta ƙi tafiya, bayan 'yan kilomita gugar ta sake ɗumama diram, ya buɗe, ta saki. Na'urar da ke daidaita shu da kanta ma tana iya yin wannan ɓarnar idan aka gasa birki a gangare, shi ya sa wasu kamfanoni suke sa mata wani ɗan ƙarfe mai lanƙwashewa da zafi, wanda yake hana ta aiki har sai birki ya huce. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo na kaya: a sake daidaita shu a lokacin da diram yake da sanyi.

Amma abin da ya fi yawan kama diram da safe danshi ne. Ruwa idan ya shiga diram ba ya fita da wuri, tunda wurin a rufe yake, iska ba ta ratsa shi. An wanke mota da la'asar, ko an ratsa ruwan da ya kwanta a titi a watan Agusta, aka zo gida aka ja birkin hannu. Shu jiƙaƙƙu sun kwana manne da ƙarfe, tsatsa ta fito tsakaninsu ta haɗe su. Wannan "ƙas" ɗin da ake ji, tsatsar ce ta karye. Ko ba a ja birkin hannu ba, shu mai danshi yana cafka fiye da kima a takun farko, kuma tsarin diram yana ƙara wa abin ƙarfi, domin juyawar diram tana jan shu na gaba ta ƙara cusa shi a bango. Shi ya sa za ka taɓa birki a hankali a bakin ƙofar gida, tayar baya ta ja ƙasa. Taku biyu ko uku, danshin ya ƙone, shi ke nan har gobe. Idan abin bai wuce haka ba, kuma sai bayan ruwa ko wanki yake faruwa, ni ban ɗauke shi ciwo ba. Mai mota ya ɗan zagaya bayan wanki yana taka birki sannu-sannu har ya bushe. Idan kuma zai ajiye ta kwanaki a shimfiɗaɗɗen wuri, ya bar ta a giya, ya sa dutse a taya, ya ƙyale birkin hannu.

Inda ya kamata hankali ya tashi shi ne idan cafkar ta zama ta kullum, rani da damina, kuma a ƙafa ɗaya. A nan sai a buɗe diram a duba ko ɗan silindan da ke tura shu yana yoyo. A ɗaga robar bakinsa. Idan akwai jiƙa a ciki, ya mutu. Man birki yana da halin jan ruwa daga iska, saboda haka shu da ya sha shi kullum cikin danshi yake kwana, ya yi danƙo, ya riƙa cafka da safe. A motocin da ke ja da baya, irin su Hilux da Hiace, man aksil ma yana iya ɓullowa ta robar da ta lalace ya shiga diram. Na sha ganin ana wanke irin wannan shu da fetur, a cinna masa wuta, a goga da samfefa a mayar. Man da ya shige cikin shu ba ya fita duka, zafi zai sake fito da shi. A canja shu na ƙafafun biyu, a toshe inda yoyon yake.

Sauran laifukan diram a ido ake ganinsu. Wayar birkin hannu da rigarta ta tsage, ruwa da ƙura suka shiga, tana ja amma ba ta komawa. Za ka gane ta idan hannun birkin ya sauka sakwaf ba tare da an ji wayar tana jansa ba, ko ka tura ɗan hannun da ke cikin diram da sukundireba ka ga taya ta saki. Sifirin da zafi ya kashe, launinsa ya canja, ya miƙe. Wuraren da shu ke zamewa a jikin farantin baya, sun bushe ko sun yi rami. Mafi muni a cikinsu shi ne fatar shu ta ɓalle daga ƙarfenta, abin da tsatsa da tsufa da kayan jabu suke kawowa. Ɓallallen yanki yakan cushe ya kulle taya idan an yi gaba, ya saki idan an yi baya. Wanda ya ga wannan alamar kada ya hau titi. Kuma shi ya sa ba na son dabarar nan ta danna totur da ƙarfi don a ɓalle birkin da ya manne, domin wani lokaci abin da yake ɓallewa fatar shu ce. Gara a ɗan yi gaba a yi baya a hankali, ko a cire taya a bubbuga gefen diram da guduma ba da ƙarfi ba. Ƙurar da ke ciki kuma kada a hure ta da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin shu da asbesto ake yin su, mai lalata huhu, kuma ido ba ya bambance wanda ke da shi da wanda ba shi da shi. A jiƙa tsumma a goge.

Faifai a fili yake, iska tana dukansa, ruwa yana tarwatsewa da zarar ya fara juyawa. Shi ma yana yin jar tsatsa a dare ɗaya bayan ruwa, ka ji yana "shuu-shuu" da safe, fad su share ta a taku kaɗan. Wannan ba komai ba ne. Ta fuskar danshi dai, faifai ya fi diram nesa ba kusa ba, kuma da a nan maganar ta tsaya da an gama hukunci.

Sai dai buɗewar da ta cece shi daga danshi ita ce ta miƙa shi ga ƙura da taɓo. Abin da ke kare fistin da sandunan kalifa 'yan robobi ne masu naɗi. Zafin ƙasarmu yana busar da su, su tsage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris ta zama taɓo mai tauri, damina ta zo ta ƙara ruwa. Giris ɗin da ya lalace haka yana da tauri da safe, ya yi laushi idan birki ya ɗumama. Robar fistin da ta tsufa ma haka take, ba ta da saurin miƙewa idan ta yi sanyi. Wannan shi ne lokacin da faifai yake riƙewa da safe ya saki da hantsi, kuma ba ya daɗewa a wannan matakin. Gargaɗin farko ne. Bayan wasu watanni zai daina saki.

Wani ɓangare na laifin daga hannunmu yake. Robobin birki ba sa shiri da duk wani mai da aka samo daga fetur: baƙin mai, kananzir, fetur kansa, da giris ɗin boris na gama-gari. Suna kumbura idan sun taɓa shi. Amma je ka gareji ka ga da me ake wanke kalifa, da kuma gwangwanin da ake lakato giris a shafa wa sanduna. An gyara birki yau, ya yi kyau mako biyu, robar da ke kan sanda ta kumbura ta riƙe ta gam. Akwai giris na musamman na birki, na silikon ko wanda aka yi don roba, ana samunsa a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na kalifa. Fistin kuwa da man birki mai tsabta ake wanke shi a mayar. Sai kuma tsatsar motocin Kwatano, wadda takan taru a ƙarƙashin 'yan ƙarafan da kunnuwan fad suke zama a kai, ta kumbura su ta matse fad. Fad lafiyayye da yatsa ake zame shi. Idan sai an sa guduma kafin ya fita, ko kafin sabon ya shiga, an riga an ga ciwon, kuma maganinsa a kankare mazauninsa har ƙarfe ya fito fes.

Fad da aka cire yana ba da labari ga wanda ya tsaya ya duba, maimakon ya wurgar. Idan na ciki da na waje sun bambanta sosai wajen cinyewa, a tuhumi sanduna ko mazaunin fad. Idan ɗaya ya cinye a karkace, kai ɗaya siriri ɗayan kai da kauri, sanda ɗaya ce ta kame. Idan duka biyun na ƙafa ɗaya sun ƙare alhali na ɗaya ƙafar suna da sauran rai, fistin ne ko tiyon da ke kai wa kalifa mai.

Motocin da ke da faifai a baya sun kasu biyu, kuma ya kamata mai mota ya san tasa. Wasu, kamar Camry da yawa, suna da ƙaramin diram ɓoye a tsakiyar faifan, na birkin hannu kaɗai. Duk abin da aka faɗa a kan diram ya shafe su. Wasu, kamar Sharan da Golf masu faifan baya, wayar birkin hannu tana jan wani ɗan hannu ne a jikin kalifa, kuma wannan hannun yana daga cikin abubuwan da suka fi kamewa. Fistin ɗinsu murɗa shi ake yi ya koma, wanda ya danne shi da ƙarfi ya ɓata shi. Sababbin motoci masu birkin hannu na maɓalli kuwa sai an sa su a yanayin gyara, galibi da kwamfuta, kafin a taɓa su.

Duk wannan ilimin ba ya amfani idan aka duba mota a lokacin da ba ta ciwon. Sharaɗin farko shi ne motar ta kwana a gareji, ko makaniki ya zo gida da safe kafin a motsa ta. A shimfiɗaɗɗen wuri, a saki birkin hannu, a cire giya, a tura ta da hannu. Sannan a ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, a tokare da abin da ya fi jak aminci, a juya kowace taya. Hagu ake kwatantawa da dama, ba gaba da baya ba, domin ƙafafun da inji ke ja suna da nasu nauyin, kuma ɗan gugar fad a faifai al'ada ce. Ƙafa ɗaya ce ta riƙe? Laifin yana wurinta ko a tiyonta. Na baya biyu ne? A fara da birkin hannu da daidaiton shu. Duka huɗu, ko gaban hagu da bayan dama tare, yadda ake raba bututu a yawancin motocin da ke ja da gaba? To yanzu ne maganar masta ta taso.

Akwai gwaji guda da yake raba gardama, kuma sifana ɗaya yake bukata. A taka birki da ƙarfi sau da yawa a saki. Idan taya ta riƙe, a ɗan sassauta nifil ɗin da ake fitar da iska ta cikinsa. Mai ya yi tsartuwa taya ta saki nan take? Ƙarfen ba shi da laifi, matsin mai ne ya maƙale bai koma ba. Mai ya ɗiga kawai taya tana nan a riƙe? Laifin na fistin ne, ko sanduna, ko fad, ko shu da wayarsa. Idan matsi ne, a sake takawa, wannan karon a sassauta bututun daga sama da tiyo. Taya ba ta saki ba, tiyon ne: cikinsa ya ɓare ko ya tsuke, yana barin mai ya wuce da ƙarfin ƙafa, ba ya barinsa ya dawo, alhali daga waje lafiya lau yake. Ta saki, a ci gaba da bi har masta. A can ɗin ma ba lallai ita ce ta mutu ba. Cikin masta akwai wata 'yar ƙofa da mai yake komawa tanki ta cikinta idan feda ta dawo ƙarshe. Sandar busta da aka tsawaita, ko makunnin fitilar birki da aka ɗaure ya hana feda dawowa, ko robar da ta kumbura saboda an zuba man da ba nata ba, duk suna toshe ta. A sassauta notin da suka riƙe masta a ɗan ja ta gaba. Idan tayoyi suka saki, daidaitawa ake bukata. Bayan kowane gwaji a ɗaure nifil da bututu, a cika mai, a tabbatar feda ta yi tauri kafin a sauke mota.

Abin lura a nan shi ne toshewar masta da zafi take tsananta, saboda man da aka kulle yana kumbura ba shi da mafita. Mai irin wannan matsalar lafiya yake fita da safe, sai ya yi nisa mota ta fara nauyi, ya tsaya rabin awa ta saki. Saboda haka wanda ya ce maka motarsa da safe take riƙewa ta saki daga baya, ya riga ya kusa wanke masta da bakinsa. Duk da haka ita ake fara canjawa.

Direbobin manyan motoci masu birkin iska nasu daban ne. Sifirin ne yake riƙe birkin ajiya, iska ce take sakinsa, don haka tirelar da iskarta ta zube da dare ba za ta motsa ba sai tanki ya cika. Wannan tsarinta ne, abin nema shi ne inda iskar take zuba.

To wanne ya fi cutarwa? Idan yawan kamewa ake ƙirgawa, diram ne a gaba, ba gardama. Shi ne mai ƙara, mai jan taya a ƙasa, mai tsorata mutum a ƙofar gida. Bincikensa ma ya fi wahala, tunda sai an cire shi kafin a ga komai, kuma diram ɗin da ya yi baki a gefe yakan ƙi fita sai an sassauta shu ta baya. Amma yana ƙafar baya, inda kaso kaɗan na aikin tsayawa yake, zafi yana sassauta shi, kuma mafi yawan laifukansa da tsumma da giris da sifirin ake gyara su, in ban da ɓallewar fatar shu da yoyon silinda.

Faifai idan ya riƙe ba ya ƙara. Yana gaba, inda mafi yawan nauyin tsayawa yake faɗawa. Yana riƙewa kaɗan, mai mota ya ga fetur yana saurin ƙarewa ya zargi inji, ya ga sitiyari yana ja ya je a daidaita ƙafa. Ana nan zafi yana cin fad, yana gasa faifai, yana narkar da giris ɗin boris, yana dafa man birki. Sabon man birki na DOT 3 ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Da sun sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idar ta sauko zuwa 140 da 155. Kamfanoni da yawa suna cewa a canja man duk shekara biyu, mu kuwa ciko muke yi, sau da yawa daga gwangwanin da ya daɗe a buɗe. A haɗa tsohon mai da kalifar da ta riga ta yi zafi tun kafin a taka ta, a kawo motar gangaren Hawan Kibo da lodi. Man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, feda ta tafi ƙasa ba ta kama komai ba.

A wurina faifai ne abin tsoro, kuma gano shi ba ya bukatar gareji. Gobe da safe ka yi tafiyar kilomita biyar ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kusantar da bayan hannunka ga kowane wili, kada ka taɓa faifan. Idan ɗaya ya fi ɗan'uwansa na ɗaya gefen zafi, ko kana jin ƙauri daga gare shi, ka kai motar ta kwana wurin makaniki, ka ce masa kada ya sayi komai sai ya sassauta nifil a gabanka.